Wayoyi Biyu a Keken Injiniya Wendell

Mijin ƙanwata, Wendell Prokop, bai taɓa jin an ambaci wani aiki a duniya ya ce bai iya ba. Ka ce rufin gidanka na yoyo, zai ce ai shi ya koya wa masu rufi sana'a. Ka ce haƙorinka na ciwo, zai ce buɗe bakin ya gani. Mu nan Rossland Injiniya muke ce masa, kuma har yau bawan Allah bai gane zolaya ba ce, amsawa yake yi har da ɗaga hannu.

Ni ne Arlo, yayan matarsa Marlene. Gidana na kallon nasu, titi ne kawai a tsakani, don haka abin da zan faɗa ganau ne ni, ba jiyau ba. Kuma in faɗi gaskiya tun da wuri, ba Wendell nake ƙi ba. Garejinsa nake ƙi.

Garejin nan don mota aka gina shi, amma tun da suka tare motar Marlene ba ta taɓa kwana a ciki ba. Injiniya ya cika shi maƙil da ayyukan da ya fara bai gama ba, ga kwale-kwale mai rabin fenti, ga injin yankan ciyawa da ya kwance don ya ƙara masa gudu. Ita kuwa Marlene nas ce, sammako take yi. Duk lokacin sanyi sai in leƙo ta taga in hango ta da asuba tana kankare ƙanƙara daga gilashin mota, yatsunta sun sandare, shi kuma yana can cikin bargo yana sharar minshari. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai.

To bara, ganye ya fara ja ke nan, sanyi ya kusa, sai ga Wendell ya dawo daga garin Nelson da firam, wato gangar jikin keken hawan dutse. Tsurarsa, ba taya ba sirdi, kore shar, na baƙin ƙarfe. Ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga shi sama don kowa ya gani, ya ce da hannunsa zai haɗa shi, kuma giyar gaba, ta canza gudu, zai sa masa.

A garin nan ko yaron goye ya san an daina yayin giyar gaba. Faranti ɗaya ake sawa a wajen feda, giya duk ta koma baya, kowa ya huta. Wendell ya ce wannan aikin ragwaye ne. Shi faranti biyu zai sa, ƙarami na hawa, babba na gudu, da ɗan ƙarfen nan da waya ke ja ya tura sarƙa daga wannan zuwa wancan. Sannan zai haɗa da sirdin zamani, irin wanda in ka danna a hannu ya nutse ƙasa don gangara, in ka ɗaga jikinka ya dawo sama. Wayoyi biyu ke nan daga hannun hagu, kuma duk ta cikin firam za su bi. Su shiga ta ramuka biyu a wajen wuya, ɗaya ta ɓullo wajen feda, ɗaya ta haura zuwa sirdi.

Na ce masa ya kai wa Tasha mai shagon keke ta zura masa wayoyin kawai, sauran ya yi da kansa. Ya yi mini kallon wanda ya zagi kakansa. Ya ce lokacin da yake saka wayar giya, Tasha ko keke mai taya uku ba ta iya ba.

Marlene na zaune a baranda da kofin kofi, duk tana ji. Ta ajiye kofin a hankali. Na san ƙanwata, in ta ajiye abu a hankali to akwai magana.

"Maigida," in ji ta, "hawan bankwana ya kusa. In ka zagaya dutsen ka dawo a kan keken nan, kana zaune a kansa, gareji ya zama naka har abada, ko tari ba zan sake yi a kansa ba. In ka kasa, motata ta shiga."

Hawan bankwana shi ne fita ta ƙarshe da 'yan keken garin ke yi, su zagaya dutsen da ke bayan gari, kafin ƙanƙara ta rufe hanyoyin daji. Kowa na zuwa, har waɗanda ba sa hawa, don akwai fanke da zumar itace kyauta. Wendell ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, ka zama shaida. Ke kuma uwargida, ki nemi safar hannu mai kauri, don bana ma a waje za ki yi."

Na ce na shaida. A raina na ce baki shi ke yanka wuya.

Wanda ya sayar masa da firam ɗin mutumin kirki ne, ya bar wasu siraran robobi farare a ciki, bakinsu na leƙowa ta ramukan, don a bi su da waya cikin sauƙi. Aikin farko da Injiniya ya yi shi ne ya zare su kaf, ya yanka gunduwa-gunduwa, ya zuba a kwandon shara. Na shigo yana kaɗe hannu. Da na faɗa masa amfaninsu sai ya saci kallon kwandon, sannan ya ce ai ya sani, da gangan ya yi, shi ba ya son aikin da aka tauna aka ba shi a baki. Ya ce waya mai kyau ta san hanyarta.

Waya dai ba ta san hanyarta ba. Ya tura, ta tafi, ta ci karo da wani abu a ciki, ta tsaya. Ya ja ya sake turawa. Ya juya firam ɗin ƙasa a sama, ya girgiza, ya lallaɓa, ya zaga. A ƙarshe wayar ta yi kwana a ciki ta ɓullo ta ramin da ke kusa da wanda ya zura ta, saura ƙiris ta tsone masa ido. Ya ce ya san za ta yi haka, yana auna faɗin cikin ne.

Daga nan ya tafi gidan Madam Odile, tsohuwar da ke katanga ɗaya da su, wadda harshenta ya fi reza. Ya aro injin shararta mai zuƙa. Dabarar ita ce a zura zare ta ramin sama, a kafa bakin injin a ramin ƙasa, iska ta janyo zaren, sai a ɗaura waya a ja. Mutane na yin haka kuma yana yi musu. Amma mutane suna riƙe ɗaya bakin zaren. Wendell ya ɗauko zare a akwatin ɗinkin Marlene, ya zura bakinsa ta ramin sama, ya ɗora sauran a kan benci, ya kunna inji ya tsaya yana mini bayanin yadda iska ke tafiya. Kafin ya kai ƙarshen bayanin inji ya shanye zaren tas. Garin ya juya ya duba, bakin injin ya faɗa kan farantin da ya tara ƙananan kusoshin keken, shi ma ya lashe. Sai ƙara, sai wari, sai hayaƙi.

Da ya mayar mata, Madam Odile ta ɗaga injin ta girgiza, ta saurara.

"Injiniya, injin shara na ba ka, ka dawo mini da caki."

Ya ce dama can yana da matsala. Ta ce ƙwarai kuwa, matsalarsa ita ce mai shi ba ta iya cewa a'a ba.

Sai dabarar maganaɗisu. Wani ya gaya masa ana jan waya da shi daga waje. Gaskiya ne, in firam ɗin ba na baƙin ƙarfe ba ne. Nasa kuwa maganaɗisun ya like a jiki ya ƙi motsi, waya na ciki ko a jikinta. Da ya ga haka sai ya ce matsalar ita ce nisa, ya ɗaura maganaɗisun a igiya ya zura shi ta ramin sirdi. Ya sauka rabin hanya ya kama. Ya ja, igiya ta tsinke. Yau ɗin nan da nake ba ku labari yana nan a ciki.

Zuwa lokacin labari ya gama gari. Masu yawo da karnuka duk sun sauya hanya, ta ƙofar garejin suke bi. Wani tsohon mai haƙar ma'adinai ya riƙa zuwa da kujerarsa ta naɗewa. Madam Odile, da yake ba ta da injin shara balle ta yi shara, ta riƙa gasa biskit tana rabawa 'yan kallo. Wendell kuwa ya ɗauka ɗalibai ya samu. Sai ya ƙara ɗaga murya, yana riƙe da filaya yana koyarwa, yana cewa kowa ya kula da kyau don ba kullum ake ganin irin wannan ba. Mai kujera ya ce wallahi gaskiya ne, shi tun da yake bai taɓa gani ba.

Da hangar rataye kaya da zagi da ikon Allah, ranar wata Asabar dai robobin da ke lulluɓe wayoyin biyu suka ratsa firam suka fito. Injiniya ya zagaya gareji hannu a sama. Murna ba ta daɗe ba, don da ya ɗauko ƙarfen giyar da ya saya sai ga shi irin wanda ake ja daga sama ne, wayarsa kuwa daga ƙasa ta ɓullo. Ko ni da ban san komai ba na ga ba za su gaisa ba. Na ce ya je ya canza, shagon Tasha ga shi nan ƙasan layi. Ya ce ya gwammace ya ci firam ɗin ɗanye da Tasha ta ji labari. Tasha kuwa tana bayansa da biskit a hannu, ta ce ta ji, kuma in zai ci ya fara ta wajen maganaɗisun.

Maganin da ya samo shi ne ya ɗaura wani ɗan gargare a saman ƙarfen, waya ta hau ta zagaye shi ta sauko, sai ta zama tana ja daga sama. Dabarar ba laifi. Inda ya samo gargaren ne laifin. Da yamma Marlene ta dawo daga aiki ta tarar da igiyar shanyarta a ƙasa, fararen kayan aikinta duk sun sha taɓo.

"Wendell, ina gargaren igiyar shanyata?"

"Ya samu ƙarin girma, uwargida."

"Madalla. Kayan aikina kuma an sauke su daga muƙami, ga su can a kwance. Allah ya kai mu ranar."

Ba ta yi faɗa ba, ta tsince kayanta ta shige. Ni kam da na ga haka na ji tsoro a madadinsa.

Robobin nan biyu baƙaƙe ne, kauri ɗaya, sun shiga gefe da gefe, kuma Allah kaɗai ya san sau nawa suka gitta juna a cikin duhun firam. Na tambaye shi ta yaya ya san wacce ta giya ce, wacce ta sirdi. Ya dafa kafaɗata cikin tausayi ya ce, "Yaya, uwa ba ta rikita tagwayenta." Na ce to ko sau ɗaya ya hau ya zagaya layi. Ya ce gwaji na mai shakka ne. Gaskiyar magana ba shi da lokacin, don kusoshin da injin Madam Odile ya haɗiye sai da ya bi gari yana roƙon irinsu. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Wendell da safen hawan bankwana ya ɗaure waya ta ƙarshe, ya lulluɓe keke da zanen gado, ya ɗora a bayan motata.

Filin ajiye motoci na gindin dutse ya cika. Ga teburin fanke, ga tukunyar kofi, ga sanyi na cizon kunne. Wendell ya jira sai da mutane suka taru sannan ya yaye zanen. Keke ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba, in ka ɗauke ido daga gargaren shanya. Ya yi jawabi a kan yadda zamani ya lalata mutane har ba su iya sarrafa faranti biyu ba. Ya ce wa matasa kada su yi ƙoƙarin bin sa a miƙaƙƙiyar hanya, don in ya sa babban faranti sai dai su ga ƙura. Marlene na tsaye kusa da ni tana cin fankenta.

Aka busa usur. Hanyar tana farawa ne da shimfiɗaɗɗen tsakuwa, ta gaban teburin fanke, kafin a shiga daji. Kowa ya fizga. Sarƙar Wendell na kan ƙaramin faranti, don haka ƙafafunsa na ta wulwulawa keke na tafiyar hawainiya. Har matar limamin coci ta wuce shi. Ya waiwayo ya kashe mana ido, ya sa babban yatsa ya danna madannin giya. Muka ji ƙas.

Sarƙa ba ta motsa ba. Sirdi ne ya nutse da shi, suuu, har gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa.

Tagwaye dai sun rikice. Wayar giya ta tafi sirdi, ta sirdi ta tafi giya. Kuma shi madannin giya ba kamar na sirdi ba ne, in ka danna ya yi ƙas riƙewa yake yi, ba ya saki. Ke nan sirdin ya zauna a buɗe, ba abin da ke tsayar da shi a sama ko a ƙasa. Wendell ya miƙe tsaye a kan feda don ya leƙa ya ga me ya faru. Sirdi ya ga an ba shi hanya, ya taso da ƙarfinsa ya same shi a inda ba a faɗa. Wata 'yar ƙara ta kuɓuce masa. Ya koma ya zauna, ya nutse. Ya miƙe, ya sha duka. Haka ya riƙa yi a gaban teburin fanke, sama da ƙasa, kamar mai daka a turmi.

Madam Odile ta tambaya da ƙarfi ko wannan ma yana cikin darasin. Ya amsa wai sabon tsari ne, bai iso nan ba tukuna. Mai kujera ya ce Allah ya sa kada ya iso.

Da duka ya ishe shi sai ya danna madannin sirdi don ya kulle shi. Nan take sarƙa ta yi tsalle ta haye babban faranti, keke ya zabura. Fuskarsa ta washe, ya ɗaga yatsa zai nuna mana, sarƙa ta koma ƙarami. Ya gane in yana son gudu sai ya danne bai saki ba. Ya danne iya ƙarfinsa, yana tsugune a kan sirdin da ya nutse, ya taka. Ya ɗan yi gaba kam, har na ce a raina kada fa mutumin nan ya zagaya dutse a tsugune don taurin kai. Na kalli Marlene, na ga ta daina tauna.

Amma shi gargaren shanya don riga da wando aka yi shi. Ya yi ƙara ya fashe, rabinsa ya tashi ya faɗa cikin tukunyar kofi. Sarƙa ta zame ta cushe tsakanin faranti da firam, feda ta ƙame. Wendell ya yi ƙoƙarin miƙewa, sirdi ya yi masa na sallama, shi da keke suka kwanta a hankali cikin kwatar gefen hanya, wadda ruwan daren jiya ya cika. Ko bakin filin bai kai ba.

Waɗanda suka yi gaba ma juyowa suka yi. Wata mata ta zauna a ƙasa don dariya, mai suyan fanke ya bar na kan wuta ya ƙone. Wendell ya fito daga kwata, ruwa na zuba daga hularsa, ya fara bayani. Ya ce laifin wanda ya ƙera firam ne da ya sa ramukan kusa da juna. Ya ce iskar gindin dutse ma tana taɓa waya. Ya ce kuma ai ba a faɗi wace shekarar za a yi zagayen ba. Da ya ga ba mai yarda sai ya juyo gare ni, ya ce, Yaya, ai yarjejeniyar keke ne zai zagaya, zai iya saɓa shi a kafaɗa. Na ce ni dai abin da na shaida, kana zaune a kansa aka ce, kuma yau duk garin nan ba wanda zai rantse ya ga ka zauna.

Marlene ta gama fankenta, ta goge hannu, ta tako har bakin kwatar. Ta miƙa masa tafin hannu. Ya ce a bari a je gida a yi magana ta fahimta. Ta ce nan ma da fahimta. Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro ɗan rimot ɗin ƙofar gareji, wanda bai taɓa barin kowa ya taɓa ba, ya ɗora mata. Ta juya shi a hannu tana dubawa.

"Wanne ne na buɗewa, maigida? Ko shi ma ka gyara shi?"

Ba a yi hawan kirki ba ranar. Rabin garin gidan suka biyo mu, aka taru aka fitar da kwale-kwale da injin ciyawa da sauran tarkace aka jibge a bayan gida. Madam Odile ta share ƙasan da tsintsiya, tana yi tana harararsa. Ni kuwa daɗi ya cika ni har idona ya kawo ruwa, ba na jin kunyar faɗa, don na daɗe ina jiran ranar nan.

Marlene ta shiga mota ta tayar. Ƙofar garejin matsattsiya ce, ita kuma ba ta taɓa shigar da mota ciki ba, sai ta tsaya tana aunawa da ido. Ai kuwa sai ga Injiniya, da taɓonsa da ɗingishinsa, ya shiga gaba ya ɗaga hannu biyu, ya ce ta kwantar da hankalinta, shi ya san kan garejin nan, ta bi abin da ya ce kawai.

"Dama, uwargida. Dama sosai."

Marlene ta dube shi ta cikin gilashi, ta gyaɗa kai, ta murza sitiyari hagu. Motar ta shige daram.